Ɗakin Jira a Makabartar Harju

Ranar Lahadin da Yaya Wilho ya rasu sama fes take, ko ɗigon gajimare babu. Ya dawo daga coci, ya sha kofinsa da nisu, burodin nan namu mai zaƙi, ya ce wa matarsa Norma bari ya ɗan kishingiɗa kafin ya fita ya ƙarasa kafa sandunan da ke nuna gefen hanya in dusa ta rufe ta. Kishingiɗar da bai tashi ba ke nan. Norma ta kira ni a waya, muryarta a kwance kamar mai neman aron gishiri, ta ce, "Lempi, zo. Yayanki ya tafi."

Ina tuƙi zuwa gidansu rediyon mota na ta zuba. Mai hasashen yanayi yana cewa sanyi mai tsanani na tafe daga Kanada, iska za ta juya daga tsakiyar mako, kuma duk wanda ke zaune a tudun da ke fuskantar Tafkin Superior ya shirya, don dusar ƙanƙara za ta yi mako guda tana sauka. Na kashe shi. Ba ƙaryata shi na yi ba, na dai riga shi sani ne. Ƙarshen Nuwamba muke, Tafki bai daskare ba, ruwansa da sauran ɗumi, in iska mai sanyi ta bi ta kansa sai ta kwashi tururi ta zo ta juye mana a ka. Haka muka taso muka gani a Harju. Dusar ba ta dame ni ba, makabarta ce ta tsaya mini a rai.

Ni ke riƙe da makullin makabartar ƙauyenmu tun ina da sauran baƙin gashi a ka. Akwai doka tun ta kakanni: ranar da dusa ta taru ta kai ƙarfe na biyu daga ƙasa cikin ƙarafan da aka gitta a ƙyauren makabarta, an rufe binnewa sai watan Mayu. Ba mugunta ba ce. In dusar ta rufe duwatsun kaburbura ba ka sanin inda kake takawa, motar haƙa ta farfasa sunayen mutane, tsofaffi su karye a hanya. Wanda ya mutu bayan an rufe, sai a kai akwatinsa wani ɗakin dutse da aka gina a jikin tudu kusa da ƙofa ta waje, mai kantoci a bango, ya zauna nan har ƙasa ta bayyana. Ɗakin jira muke ce masa. Na sa mutane da yawa a ciki da hannuna, har da waɗanda danginsu suka daina amsa gaisuwata a kanti saboda haka, kuma ban taɓa jin nauyin kowa ba.

Sai dai Wilho ya tsani ɗakin nan, tsana ba ta wasa ba. Mahaifiyarmu a watan Janairu ta rasu, yana ɗan saurayi ni ina ƙarama. Aka yi addu'a a coci, aka sha kuka, aka kai ta ɗakin jira. Muka fara sabawa da gidan babu ita, har dariya ta fara dawowa wajen cin abinci. Sai ga Mayu. Aka sake fito da akwatin, aka sake tara mutane, ciwo ya dawo sabo fil. Babanmu bai ƙara komawa daidai ba bayan wannan binnewar. Shi ya sa tun ranar da aka damƙa mini makullin Wilho bai bar ni na sha ruwa ba. A wajen biki, a bakin ruwa wajen kamun kifi, ko a layin kanti, maganar ɗaya ce.

"Lempi, in na mutu da sanyi, ko da cokali ne ki haƙa ki saka ni. Kar ki bari Norma da yarinyar nan su yi kuka sau biyu."

"To ka mutu da rani mana, kamar mutanen kirki," nake ce masa.

"Na dai gaya miki."

"Na ji, Yaya. Na ɗauka."

Na kuwa ɗauka ɗin. Ni ba mai saɓa alkawari ba ce, balle wanda na yi wa mutumin da ya goya ni zuwa makaranta a cikin dusa.

Yarinyar da yake nufi ita ce Kristi, 'yarsu tilo, ma'aikaciyar jinya a can Arizona inda rana ke gasa mutane. Ta jima rabonta da gida. Ba faɗa aka yi ba, aiki ne da miji da 'ya'ya, kullum sai baɗi. Norma ta kasa yi mata magana fiye da kalma biyu, ta miƙo mini wayar. Da kukan ya ɗan lafa Kristi ta ce, "Gwaggo, sai Laraba zan sami mai riƙe mini yaran. Amma na ji ana maganar dusa. In kin ce in taso gobe, zan watsar da komai in taso."

"Wace dusa?" na ce. "Ke ba 'yar Harju ba ce? Ko ranar can ta narkar miki da ƙwaƙwalwa? Kintsa 'ya'yanki ki taso Laraba. Alhamis da safe za mu binne shi, kina tsaye kusa da uwarki."

"Kin tabbata, Gwaggo?"

"Ni na ce miki. Tun da nake ban taɓa ganin dusar da ta hana ɗan garin nan isa gida ba."

Haka na faɗa, kuma har ga Allah haka na yarda.

Washegari na je na sami Rudy Perala. Shi ke haƙa mana kaburbura, shi ke tuƙa motar sharar hanya ta ƙauye, kuma abokin Wilho ne tun suna satar tuffa a gonar fasto. Na same shi a ƙarƙashin motarsa yana ɗaura sarƙa a taya. Ya fito, ya cire hula, ya yi mini ta'aziyya, idonsa ja wur. Da na gaya masa ranar sai ya mayar da hular.

"Alhamis? Ba ki ji rediyo ba?"

"Na ji. Rediyon ne zai riƙe mana shebur?"

"Ki yi Laraba da sassafe, Lempi, kafin iska ta juya."

"Laraba Kristi na sama cikin jirgi. Kai za ka gaya mata an binne ubanta tana tsakanin gajimare?"

"In Tafkin nan ya buɗe baki fa..."

"Ya buɗe mana! Tun kana yawo da majina a hanci nake sharar abin da yake tofarwa. Ranar farko ba ya kai ƙarfe na biyu, kai ma ka sani."

"Na girme ki fa."

"A shekaru."

Ya girgiza kai yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wilho ya ce taurin kanki zai kashe wani wata rana. Ban san shi yake nufi ba."

"Rufe mini baki ka kawo motar haƙa."

Ranar Talata muka haƙa, kusa da mahaifiyarmu, a gindin itacen da Wilho ya dasa da kansa. Ƙasar ta yi laushi kamar ta cikin gona, ko tsayin yatsa sanyi bai shige ta ba. Muka rufe ramin da falankai masu kauri. Tarin ƙasar da aka fitar muka lulluɓe da ciyawa da tamfol don kar ta daskare kafin a mayar da ita. Na kafa doguwar sanda da jan ƙyalle a kan kabarin, sannan na jera ƙananan sanduna daga nan har bakin ƙyaure, ko dusa ta shafe komai mu bi su. Na kira magidanta na ce kowa ya zo Alhamis da shebur ɗinsa. Na kira matan coci na raba musu girki. Da na koma gida na tsaya a taga na dubi wajen Tafki, na ce a raina, to bismilla, ka zo, a shirye nake.

Laraba da hantsi iska ta juya. Kana jin ta a haƙora kafin ka ji ta a fata. Daga bayan gidana ana hango gajimaren ya taso daga kan ruwa, baƙi ƙirin, ya tsaya kamar bango. Kafin azahar na daina ganin akwatin wasiƙun da ke bakin hanyata. Ba irin dusar nan mai nauyi ba ce, mai laushi ce kamar gari, tana zuba ba ƙara ba hutu. Na share ƙofar gida, na shiga na sha kofi, na fito na sake sharewa, kamar yadda kowa ke yi.

Da yamma Kristi ta kira daga filin jirgin Green Bay, inda za ta canza jirgi. An soke ƙaramin jirgin da zai ƙaraso da ita. Amma ta yi hayar mota, za ta kwana can ta kamo hanya da asuba.

"Yauwa, 'yar babanta!" na ce. "Ki bi bayan manyan motoci, kar ki taka birki da ƙarfi. Muna jiran ki."

Alhamis gari na wayewa na ɗaura faffaɗan takalman taka dusa na hau tudun makabarta, ni kaɗai da shebur a kafaɗa. Tabɗi! Tafki ya yi aiki. Ƙarfe na biyu ya ɓace, har na uku dusa ta fara lasa. Na tsaya na dube shi. Sai na sa shebur na share gaban ƙyauren tas, har ƙarfe na farko ya fito yana sheƙi.

Rudy ya iso da motar shara, fitilunta na walƙiya, ya leƙo ta taga.

"Lempi, ina labarin ƙarfe na biyu?"

"Ga shi nan kana gani."

"Na ga an yi shara."

"Ka ga dusa a jikinsa?"

"A'a, ranki ya daɗe. Ban ga komai ba. Idona ma ba shi da kyau kwanan nan."

"Madalla. Sauko ka kama aiki."

Magidanta suka riƙa isowa, wasu a kan baburan dusa, wasu a ƙafa a bayan motar shara. Ba wanda ya yi maganar doka, har da waɗanda na taɓa rufe wa ƙyauren nan a fuska, kuma na ji daɗin wannan ƙwarai. Muka bi sanduna muna yanka hanya a cikin dusar, faɗin mutum biyu, bangonta ya kai ƙugu. Muna sharewa a gaba tana cikewa a baya, sai muka raba kanmu, wasu na yanka wasu na binsu suna kwashewa. Gemun kowa ya yi fari da ƙanƙara. Ana haki ana zolayar juna, wannan ya ce wa wancan shebur ɗinka na yara ne, wancan ya ce ai tumbinka ma ya isa ya share hanyar in ka kwanta. Da muka kai ga jan ƙyallen, muka ɗaga falankai, ramin na nan a bushe garau. Na cusa hannu ƙarƙashin tamfol, ƙasar ta fara tauri a sama amma cikinta da laushi. Na dubi Rudy na ɗaga masa gira.

"Kin ci," ya ce. "Amma yau ce fa kawai. Sanyin da ke biye da wannan, kafin gobe tarin nan ya zama dutse. Ko da diga ba za ki motsa shi ba."

"Yau ɗin nake so."

A coci muka jira Kristi. Fasto Lahti ya yi addu'a, aka yi waƙa, ya ja wa'azi fiye da yadda ya saba yana satar kallon ƙofa. Aka sake waƙa. Na kira wayarta ba ta shiga. Rudy ya matso ya raɗa mini cewa hanyar da muka yanka tana rufewa, kuma ranar ba ta da tsawo. Na ce mu ɗauki gawar mu hau tudu, Kristi ta same mu a can, ai ta san hanya.

Motar jana'iza ta kai gindin tudu ta ce ita ta gama. Sai muka ɗora akwatin a kan amalanken da Rudy ke jan itace da shi a kan dusa, maza suka kama igiya suna ja, mu mata muna biye. Norma ta riƙe hannuna, tana tafiya a miƙe cikin baƙar rigar sanyinta. Iska na dukan mu ta gefe, ba ka ganin wanda ke gabanka sai inuwarsa. Amma muka isa. Aka gitta katakai a bakin ramin, aka ɗora akwatin, aka zura igiyoyi ta ƙarƙashinsa. Fasto ya buɗe littafinsa yana kare shi da rigarsa. Zuciyata ta cika da alfahari, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, Yaya, ka ga aikin ƙanwarka.

Sai wayata ta yi ƙara a aljihu.

"Gwaggo." Muryar Kristi ce, a dushe. "Na maƙale a garin Baraga. 'Yan sanda sun rufe hanya a gindin wani tudu a nan. Manyan motoci biyu sun gitta a sama, kuma ba a ganin komai. Sun ce ba yau ba, ƙila ma ba gobe ba."

"Ba ni ɗan sandan in yi magana da shi."

"Na roƙe su, Gwaggo. Na gaya musu. Har kuka na yi musu." Ta ja numfashi. "Kin san nan rana ake yi? Rana tarwai. Ina tsaye a bakin shingen ina kallon gajimaren a gabana, kamar an ja labule. Kuna cikinsa, ni ina waje."

Na toshe bakin wayar na juya wajen Rudy. "Ɗauki motar shara ka je ka kawo ta."

"Ta ina, Lempi? Ta saman motocin da suka gitta?"

"To babur. A tura wani da babur ta daji."

"Ɗan wa za ki tura? Dubi hannunki, kina ganin yatsunki? Kina son mu haƙa rami na biyu?"

Na dubi ramin. Na shirya ƙasa, na shirya maza, na shirya hanya daga ƙyaure zuwa kabari, duk abin da shebur zai iya kaiwa na shirya. Babbar hanyar da ba ni da iko da ita ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Yarinyar nan ta ce za ta taso Litinin, ni na hana ta da bakina. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, a gaban mutanen da na tara.

Na mayar da wayar kunnena.

"Ku binne shi," Kristi ta ce. "Na san alkawarin da kika yi masa, ya sha gaya mini. Kar ki sa shi a ɗakin nan saboda ni. Ki dai bar wayar a kunne in ji addu'ar."

"To, 'yata."

Na ɗaga wa Fasto hannu. Ya fara karatu, iska na kwashe rabin kalmomin. Maza suka tofa yawu a safar hannu suka kama igiyoyi, biyu suka sunkuya za su zare katakan. Ina riƙe da wayar tsakanin kunnena da hular ulu, ina jin numfashinta, da ƙarar motoci a bayanta.

"Gwaggo," ta ce a hankali, kamar mai tsoron katse addu'a. "An gyara masa gemun? Ba ya son ya yi buzu-buzu a gaban mutane."

Wilho ya aske gemun nan tun hunturun da ya wuce na bara, da ya ce yana tara masa ƙanƙara. Duk Harju sun saba da haɓarsa a fili, har an gama yi masa ba'a an manta. Ta waya suke gaisawa duk Lahadi, shi kuma ba mai yarda a ɗauke shi hoto ba ne. Ashe 'yarsa ba ta san fuskar da za mu rufe da ƙasa ba.

Na dubi Norma. Ta ji, don tana jingine da kafaɗata. Dusa ta taru a girarta ba ta share ba.

"Norma, me kika ce?"

"Ke ya ɗora wa, Lempi. Ba ni ba."

An riga an zare katako ɗaya, nauyin akwatin ya koma kan igiya.

"Ku dakata!"

Fasto ya tsaya a tsakiyar kalma. Kowa ya juyo.

"Ku mayar da katakon. Ku ɗauke shi."

"Mu ɗauke shi zuwa ina?" Rudy ya ce.

"Ɗakin jira."

"Haba, Lempi! Haba! Tun asuba kin fito da mu, bayana ya kusa tsinkewa, ga rami, ga mutum, ga fasto! Gobe ba ki da ƙasar nan fa. Sai Mayu!"

"Na sani."

"Shi fa? Abin da ya roƙe ki ke nan tun muna da haƙora!"

"Na ce na sani, Rudy! Ni ya roƙa ko kai? Ni zan amsa masa. Yarinyar nan sai ta ga ubanta."

A cikin wayar Kristi na cewa, "A'a Gwaggo, a'a, kar ki yi," na ce mata, "Yi mini shiru. Nemi ɗaki ki kwanta ki ci abinci mai zafi. In an buɗe hanya ki zo, yana nan." Na kashe.

Maza suka dubi juna. Wani ya yi tsaki, ba da ni ba, da Tafki. Sannan Rudy ya share hanci da bayan hannu, ya sunkuya ya mayar da katakon da kansa. Suka ɗaga akwatin suka mayar kan amalanke. Kafin su ja na durƙusa na share dusar da ta taru a murfin da hannuna, na kai bakina kusa.

"Yaya, yi haƙuri," na ce. "Na haƙa, Allah ya gani na haƙa. Amma ba zan iya ba. In mun haɗu ka zage ni son ranka."

Muna saukowa Norma ta sake kama hannuna, ta matse shi sosai. "Ni zan iya kukan sau biyu," ta ce. "Da ya tambaye ni da na gaya masa."

Ni na buɗe ƙofar ɗakin jira, ni na nuna musu kantar tsakiya, inda ba ta kusa da ƙasa ba ta kusa da rufi. Shi kaɗai ne a ciki, shi ya buɗe shekarar. Muka koma muka rufe ramin da falankai, muka bar sandar da jan ƙyallenta. Na ja ƙyauren makabarta na datse da kwaɗo. A zauren coci aka ci abincin da matan suka dafa, ana magana ƙasa-ƙasa, ni kuwa ko loma ban kai baki ba. Haushi nake ji, na Tafki, na kaina, har da na Wilho da bai iya jiran rani ba.

Dusar ba ta tsaya ba. Juma'a ta zuba, Asabar ta zuba, sanyi ya sauko yadda Rudy ya faɗa, har ƙusoshin bangon gida suna ƙara kamar harbin bindiga. Ƙyauren makabarta ya nutse gaba ɗaya. Kowace safiya nakan hau tudu in share hanyar da ta tashi daga titi zuwa ƙofar ɗakin jira, kafin washegari ta cike in sake. Ban nemi kowa ya taya ni ba, amma wata safiya na tarar an riga ni, ga sawun tayar motar shara a gefe.

Ranar Litinin aka buɗe hanya. Kristi ta shigo gari a bayan motar shara, cikin wata 'yar ƙaramar motar haya, sanye da rigar sanyin da ta saya a Baraga, har takardar kanti na rataye a hannun rigar. Ta rungume uwarta a bakin ƙofa sun daɗe. Ni ta dube ni kawai, na dube ta. Ko kofi ba ta tsaya sha ba muka hau tudu, mu uku da Rudy, yana riƙe da abin kwance ƙusa.

Iska ta kwanta a ranar, dusar na saukowa jefi-jefi. Na buɗe kwaɗon, na tura ƙofar, sanyin ciki ya fi na waje cizo. Rudy ya kwance ƙusoshin murfin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga shi ya jingine a bango, ya fita waje ya ba mu baya. Na ɗaga fitila.

Wilho na kwance cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, kamar ranar da aka shirya shi. Kristi ta matso a hankali. Ta daɗe tana kallo, numfashinta na fita fari-fari a hasken fitilar. Ta cire safar hannu ta taɓa kumatunsa, ta bi haɓarsa da yatsa.

"Baba," ta ce, "ashe haka ka tsufa. Ba ka gaya mini ba."

Ta yi ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, labarin yara, wanda ya fara makaranta da wanda ya karya haƙori. Norma na gefe tana gyaɗa kai kamar shi ma yana ji. Ban hanzarta su ba, duk da hannuna ya mutu a kan fitilar. Da ta gama ta duba ɗakin, bangon dutse da ƙanƙara ta yi wa fari, da kantocin da ba kowa.

"Har Mayu zai zauna a nan?"

"Har Mayu," na ce.

Sai ta kwance jan mayafin ulun da ke wuyanta, ta ɗaga kansa a hankali da hannu ɗaya, irin ɗagawar masu jinya, ta naɗa masa, ta tura bakin mayafin cikin kwat ɗin ta daddanna.

"Akwai sanyi a nan, Baba," ta ce.

Tun ranar Lahadin da Norma ta kira ni ban zubar da hawaye ba, ko a coci, ko a bakin ramin. A nan ne ya ƙwace mini, kuka mai sauti irin na yara. Kristi ta karɓi fitilar, ta rungume ni da ɗaya hannun, wuyanta a buɗe cikin wannan sanyi. Rudy ya shigo ya mayar da murfin ba tare da ya dubi kowa ba.

Da muka fito na ja ƙofar, na ɗauko makullin, amma na kasa samun ramin kwaɗon. Kristi ta ɗora hannunta a kan nawa, muka murɗa tare.